Kogin da Aka Zaɓa

Medellín

Zuwa ga Yayana Evelio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Marleny da yara. Yaya aikin tashar jirgin ruwa? Ƙafar taka ta daina kumburi?

Bayan haka, ka tuna wasan kwamfutar nan da kamfaninmu ya fitar bara, na yaƙi a duniyar wata, wanda ka ce ko kyauta ba ka so. To ya samu kasuwa, yanzu kashi na biyu ake nema, kuma musu ya kaure kan inda za a kafa labarin. Masu wasan sun yi mana dariya, wai wa zai zubar da jini kan filin da ko ciyawa babu. Shugabanmu Don Aurelio ya ce a nemo wurin da hankali zai ɗauka: nan da shekara ɗari, a ina mutane za su kashe juna, kuma a kan me? Wani ya ce hamadar gishiri, wani ya ce birnin da teku ya cinye. Ni da bakina da ba ya shiru na ce su zo kogin garinmu su ga injinan zinariya suna cin gaɓa, ruwa ya koma kamar kunu, ba abin da za a ƙara sai mutum-mutumin ƙarfe. Nan take aka ce in shirya.

Zan je ɗaukar hotuna tare da Fabián, mai zanenmu. Kawu Crisanto zai kai mu a kwalekwalensa. A waya ya ce, "Ke 'yar nan, kin dai san dokar yaran daji, 'yan bindigar nan da ke riƙe da kogin. Wanda ya shigo da baƙo, wuyansa ne jingina." Na ce masa hoton wasan yara ne kawai. Ya yi dariya ya ce in taho masa da kofi mai kyau.

Ka gaida kowa. Taka,
Nidia

Quibdó, daga asibiti

Yaya Evelio,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni da sauƙi, kada hankalinka ya tashi.

A shingen yaran dajin na bakin ruwa mun miƙa wayoyinmu kamar kowa, aka bar mana kyamara ɗaya saboda darajar Kawu. Ashe Fabián ya ɓoye ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto a ƙarƙashin kayan sawarsa, wai hoton ƙasa ba ya isa a zana taswirar wasa. Ɗan birni ne, bai san dawan garin ba. Da muka kai lanƙwasar da babban injin yake, kafin in buɗe baki ya sake shi sama.

Harbi ɗaya suka kakkaɓo shi. Sai ga su a jirgi mai inji. Babbansu, wani mai yankakken kunne, ya tambayi Fabián da wane hannu yake zane. Wawan ya ɗaga na dama. Suka danne shi a gefen kwalekwale suka bi yatsun da gindin bindiga ɗaya bayan ɗaya. Na yi ihu, wani ya maka mini ƙarfe a baki, haƙorana biyu suna cikin kogin nan. Kawu ya durƙusa cikin ruwan jini yana cewa, "'Ya'yana, ni na kawo su, ku yi da ni." Suka ce ai da ma da shi za su yi.

Sun riƙe shi, mu kuma suka sallame mu. Sharaɗinsu, in hoton wurin nan ya fito ko a ina ne, to mu nemi makara. In aka yi wata shiru, za su sake shi.

Sai a gadon asibiti Fabián ya gaya mini yana kuka cewa tun ranar da muka sauka, kafin a karɓe wayoyinmu, ya tayar da jirgin sau ɗaya a ɓoye har kan lanƙwasar nan, ya tura hotunan ofis. Na kira Don Aurelio na roƙe shi kamar zan haɗiye wayar. Ya rantse da kabarin uwarsa zai goge. Ina jin tsoro, Yaya. Kada Mama ta ji tukuna.

Ƙanwarka,
Nidia

Quibdó

Yaya,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Don Aurelio ya goge hotunan, wannan bai yi ƙarya ba. Amma al'adar mutanen kamfanin ce su bar masu wasan su zaɓi wuri da kansu, kuma ya ga ba zai ɓata shiri ba. Ya sa aka zana a kan hoton Fabián, aka ƙara wata biyu a sama da dakarun ƙarfe a gaɓa, aka jera shi da hamada da birnin teku a intanet. Wai wa zai gane? Lanƙwasar tana nan, shuɗin injin yana nan, har rumfar da suke kwana. Abin da bai taɓa zuwa kansa ba, yaran dajin ma suna buga wasanmu a wayoyinsu. Ɗayansu ne ya fara gani.

Shekaranjiya da safe mata masu wanki suka hango kwalekwalen Kawu yana gangarowa ba mai tuƙi. Yana ciki, hannuwa ɗaure ta baya. Ba zan rubuta maka abin da suka yi wa fuskarsa ba. Matarsa, Inna Eufemia, da rigarsa ta gane shi.

Jiya kamfani ya aiko da furanni, da saƙo cewa kogin ne ya ci zaɓen da rata mai nisa, mutane na ta yabon yadda wurin ya yi kama da gaske. Na watsa furannin a kwata. Wallahi da Don Aurelio na gabana da sai na shaƙe shi, na tsane shi, na tsani bakina.

Gobe ne jana'iza. Na san za ka ce sai ka zo. Mai yankakken kunne ya aiko a gaya mana baƙi biyu Kawu ya shigo da su, wuya ɗaya suka karɓa, saura ɗaya, kuma a danginmu za su nema. Ni ma ba zan je ba. Don girman Allah kada ka zo.

Ka rungume mini yara.

Ƙanwarka,
Nidia