Ranar da Kwaji Ya Haihu

Mubi, 9 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Baban Dorcas,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Yola da zafinta? Mu lafiya lau, sai kewarka.

Maganar gonarmu ta ƙauyen Muchalla ta tashi kuma. Vandi maƙwabcinmu ya kai ƙara, wai tsohon littafin kotu na 1953 ya ce "Kwaji ya ci gona", kuma Kwajin nan mahaifinsa ne, tunda an rubuta "ya". Ka san a wurinmu duk ɗa na biyar Kwaji ne, mace ko namiji. Mamarka Kwaji ta rantse ita ce ta yi shari'ar, amma ba a yi ko kallonta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga damina ta ƙarato, in gonar ta tafi ban san inda za mu shuka dawa ba.

Taka har kullum,
Liyatu

Mubi, 2 ga Mayu, 1984

Baban Dorcas,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, zauna kafin ka karanta.

Wani Malam Abdulƙadiri ya zo daga jami'a, yana binciken tarihin kotunan da. Wata uku yana shaƙar ƙurar littattafai, har ma'aikata suna ce masa gara. Na tare shi a bakin kotu, kunya a aljihu, na faɗa masa damuwarmu. Ya yi dariya, ya ce magatakardan wancan zamani Hausar kasuwa ya iya, bai taɓa rubuta "ta" ba. A wurinsa amarya "ya", kaza ma "ya".

Shekaranjiya alƙali ya sa malamin ya karanta shafin da ke kafin wanda Vandi ya dogara da shi. Ga abin da ke ciki: "An ɗage shari'a kwana bakwai, domin Kwaji ya haihu."

Kotu ta kwashe da dariya. Alƙali ya tambayi Vandi ko mahaifinsa ya taɓa haihuwa a gabansa. Vandi kansa sai da ya dara, ya zo ya durƙusa wa Mama. Gona tamu ce.

Malamin zai sa labarin a littafinsa, ya kuma tambayi sunan jaririn. Mama ta ce wani mai taurin kai ne, yana Yola yanzu. Ashe tun kana ɗan kwana ɗaya kake tsayar da kotu. Dawo da wuri, mai shaida, shuka na jiranka.

Matarka,
Liyatu