Kiɗan da Ba a Kai Ƙarshensa Ba

Yamai, 4 ga Maris

Yaya Mamane,

Gaisuwa mai yawa. Ya lakwal da koyarwa, ya mutanen Filinge? Tunda rezon waya ya ƙi ku, ga takarda ta hannun direban motar kasuwa.

Ka tuna tsohon wasan bidiyon nan na kuku mai tumbi, da ke tsallake tukwane yana bin kaza? A na Japan shinkafa yake jifa da ita. Turawa suka mayar da ita cuku, suka sauya kiɗan. Ni ma na yi na ƙasarmu Kurfai, na waya: kukun na jifa da fura, yana faɗawa rumbu. Kiɗan kuwa gogen Gajere ne, wanda na ɗauka bara a wasan borin Gwaggo Tanne. Na yanko daƙiƙa goma sha biyu, suna ta maimaituwa. Digirina dai ya haifi wani abu. Ga shi a katin waya, ka ba 'yan ajinka.

Ƙanwarka,
Nasiba

Filinge, 19 ga Maris

Nasiba,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Wasanki ya bazu waya zuwa waya, har Tabla da Bonkuku. Ban rubuto don yabo ba.

Ran Lahadi Gwaggo na tuyar ƙosai a kasuwa, wani ya kunna shi kusa da ita. Idonta ya juye, ta miƙe, ta zube dab da kaskon mai. Zanenta ya kama wuta, mata suka kashe. Jiya kuma haka ta faru a bakin rijiya. Habsa maƙwabciyarta ce ta riƙo ƙugunta.

Na je wurin Gajere. Ya saurara, ya ce: "Ɗiyar nan ta ɗauki kira ta bar sallama. Wannan taken iskar Tanne ne. In an kira ta, sai an ja gogen har ƙarshe, Tanne ta yi atishawa, sannan iskar ta sauka. Wa ke kiran baƙo ya hana shi ƙofar fita?"

Ki yi wani abu.

Yayanki,
Mamane

Yamai, 23 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo, in tana karɓar gaisuwata.

Ka san ra'ayina kan iskoki. Na ci maki da shi a jami'a. Sai dai kaskon mai bai karanta abin da na rubuta ba.

Sallamar na nan cikin abin da na ɗauka. Ni na yanke ta, don na ga ta yi sanyi. Ga sabon wasa: duk lokacin da kukun ya faɗi, gogen zai kai ƙarshe. Na ƙara ramuka don ya riƙa faɗuwa. Ka bi waya waya, a goge tsohon. Kafin nan, don Allah kada ta kusanci wuta ko rijiya.

Nasiba

Filinge, 2 ga Afrilu

Nasiba,

Muna gaisuwa. Sabon ya iso. Yara sun ce ya cika wuya, tsohon ya fi daɗi; an ce ya kai Sanam.

Gwaggo ta toshe kunnuwanta da auduga, ta ɗauki kaskonta. Ta ce shekara talatin ba ta fasa kasuwa ba. Gobe Lahadi, ranar kasuwa.

Mamane