Ɗakin Inna Mai Taya Huɗu

Atantane, Yuli 1962

Zuwa ga Yaya Dauda, a Tasawa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zara'u da yara. Mu nan sai godiya, ruwa ya zauna, gyaɗa ta rufe ƙasa.

Bayan haka, Inna ta yi sabon ɗaki. Wasu Nasara, mata da miji, suka biyo ta nan za su Agadas cikin mota irin ta kumandan mai mulkin yankinmu, wadda rairayi ba ya riƙewa. Amma tasu gida ce sukutum: ga gado, ga murhu, ga tulun ƙarfe, har da labule. A ƙofar gidanmu ƙarfen da ke juya tayoyinta ya karye. Suka ciro shi suka jingine a zaurenmu, suka ba ni amanar mabuɗi, suka hau raƙuma wai za su Tasawa neman irinsa.

Maigari ya ce ɗaki mai gado ba a barinsa haka, in ɗan Adam bai kwana ciki ba, waɗanda ba a faɗin sunansu za su tare. Da ma bukkar Inna tana yoyo, sai ta kwashi tabarmarta da butarta ta shige. Matar da warin kamyo, babbar motar kaya, kawai ke sa ta amai! Ka san ta, in ta ce za ta, ba mai mai da ita. Yanzu ta taga take ba mu umarni.

Don Allah ka tambaya mini labarin masu motar.

Ƙaninka, Cindo.

Atantane, Satumba 1962

Yaya Dauda,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Yaya ƙafar Zara'u? Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta iso, na ji ka ce ba wanda ya ga Nasaran a Tasawa, ko a ofishin kumandan. Tun da aka karanta ta ban ƙara yi wa Inna dariya ba.

Lafiyarta lau, har ta yi ƙiba. Sai dai in ta yi sallama a ƙofar motar, takan tsaya ta saurara, ta gyaɗa kai, sannan ta shiga. Fura ƙwarya biyu take sa Safi matata ta dama, kuma duka biyun a wanke suke dawowa. Rabin gado take shimfiɗa tabarmarta, ɗaya rabin ba ta yarda ko jikokinta su zauna.

Rannan da rana tsaka muna ɓarar gyaɗar bara, ta shiga ba ni labarin wani gari inda ruwa ke daskarewa mutane su taka shi, da wata yarinya mai jan gashi da aka baro wajen kakarta. Inna da ba ta taɓa wuce Mayahi ba. Na tambaye ta wa ya gaya mata, ta ce abokiyar zamanta, wadda kewar ɗiyarta ta hana sakat.

Na roƙe ta ta fito, na ce na gyara bukka. Ta ce baƙo ba ya kwana shi kaɗai a garin ubanta. Yaya, ina jin tsoro. Ka zo, kai take jin maganarka.

Cindo.

Atantane, Oktoba 1962

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu kam, ban san me zan ce maka ba. Na san aikinka na awon gyaɗa ne ya riƙe ka, ban ga laifinka ba.

Ran Talata da hantsi duk muna gona muna cirar gyaɗa. Safi ta koma gida ɗebo ruwa, sai muka ji kururuwarta. Babu mota, babu Inna. Ba wanda ya ji ƙarar inji. Mabuɗi yana aljihuna, ƙarfen nan yana zaure inda suka jingine shi.

Sawun taya dai ga shi raɗau, ya ratsa gonar maƙwabcinmu Haladu ya yi arewa. Ni da Haladu muka hau raƙuma muka bi, muka wuce Isawan, har inda ba sauran gona. Makiyayan da muka tarar sun rantse ba abin da ya gifta su, alhali sawun ya bi ta tsakiyar garkensu. Da ruwanmu ya ƙare muka juyo, shi kuwa sawun bai ƙare ba.

Abu ɗaya na gani da ban gaya wa kowa ba. Jefi-jefi sawun yakan tsaya, sai ka ga na ƙafar Inna ya sauko, ga inda ta tsuguna ta yi alwala, ga gurbin goshinta yana duban gabas. Ko wane ne ke jan motar, yana tsaya mata ta yi salla. Da wannan nake rarrashin zuciyata.

Liman ya tambaye ni ko za a yi zaman makoki. Na ce ina da wa. Kai ne babba, Yaya, kai za ka faɗa. Ni dai bakina ba zai iya ba.

Naka cikin hawaye,
Cindo.