Mariƙin Sandar Baba

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa daga Maje. Ina Mama da yara? Yaya ƙarin haƙuri? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Kin tuna injin ƙera kayan roba da na harhaɗa don in yi wa sandar Baba mariƙi daidai hannunsa? Sati uku robar ta ƙi kama farantin da injin ke zuba ta a kai, sai zare-zare kamar saƙar gizo-gizo. Ashe ni na ɗaura farantin a karkace. Gyaran bai ci minti biyar ba.

Jiya mariƙin ya fito sumul, kwana tara da kuka binne Baba.

Ki auno mini tafin hannun Mama. Allah ya bar mana ita.

Ƙaninki,
Elisha