Za Su Sauke Allon Tasha

Zuwa ga uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai jego da jaririn. Allah ya raya mana shi.

Ina sanar da ke a hukumance cewa daga jiya na daina shan shayi a bencin Dogo. Na kwashe kofina da cokalina, yanzu a bakin shago nake sha a tsaye, kamar ɗalibin da aka kora daga aji.

Ga dalili. Hukumar tasha za ta sauke allona, allon nan mai jajayen ɗigogin fitila da ke nuna wace bas ce za ta tashi daga wace ƙofa. Kin tuna a kan teburin falonmu na zana haruffansa, kina ta mita na cika miki gida da takarda mai gida-gida. Ɗigo biyar a kwance, bakwai a tsaye. A cikin wannan ɗan kejin na zaunar da kowane harafi da kowace lamba, babu wanda ya taka ƙafar wani. Yanzu wata ƙatuwar talabijin za su kafa, mai haruffa sumul kamar an shafa musu mai.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma mai gyaran wutar tasha ya tsegunta min cewa hukumar ta nemi shawarar gwani, kuma gwanin nan Dogo ne. Dogon da muka buɗe shagon rubuta alluna tare tun ba mu da furfura, wanda ya riƙe min tsani ranar da aka ɗora allon. Shi ya tsaya gabansu ya ce mutane ba sa iya karanta shi. Ya fito daga can ya zo ya zuba min shayi, har yana tambayata ko sukari ya ji.

Ki gaishe da surukinmu.

Maigidanki

*

Uwargida,

Da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na kuma ga inda kika ce in yi haƙuri. Kullum haƙurin nan a wurina ake nemansa, kamar ni ne dillalinsa.

Dogo ya zo gida. Na ɓuya a ɗaki, amma takalmana da ke bakin ƙofa suka tona min asiri. Ya tsaya a taga ya yi jawabinsa. Wai tsofaffi suna damunsa ya karanta musu allon, shi ma sai an karanta masa. Wai fitilun sun dusashe, idanun jama'a ma haka. Wai ya yi ta neman yadda zai faɗa min, bakinsa ya yi nauyi. Na ce ta bayan labule bakin bai yi nauyi a gaban hukuma ba. Ya ce, “Kai fa da kai kake karanta allon nan, ba da ido ba.” Na rufe tagar.

Abin dariya, yaran zamani masu zane a kwamfuta sun mayar da haruffan ɗigo abin yayi. Na gan su a rigunan samari, na gan su a jikin gwangwanin lemo. Duniya na rububin abin da abokina ke son jefawa a bola.

Ba zan ɓoye miki ba, ba allon ne ya fi ci min rai ba. Da ya zaunar da ni ya faɗa min, da na zage shi, mu yi kwana biyu ba ma magana, shi ke nan. Amma a ce a bakin mai gyaran wuta zan ji?

Na nemi hukumar ta saurare ni, sun ba ni Litinin. Kafin nan zan zo ranar Asabar da bas ɗin safe in ga jikana. A tanadar min wurin zama nesa da kukansa.

Maigidanki

*

Uwargida,

Ina gaisuwa, ina kuma ba ku haƙurin jiran da kuka yi. Lafiyata ƙalau, kada ki tayar da hankalinki.

Na isa tasha da wuri, da jakata da 'yar rigar da na saya wa yaron. Na tsaya can ƙarshen zaure, na ɗaga kai da alfahari, na karanta: ƙofa ta takwas. Na je na zauna. Har wata dattijuwa ta tambaye ni bas ɗin da ni ma nake jira, na ce ta zauna kusa da ni, ni na rubuta allon da hannuna. Muka yi ta hira, na ba ta tarihin kowane ɗigo. Da jiran ya yi yawa na matsa kusa da allon, sai na ga uku ce. Babu fitilar da ta mutu, babu wadda ta ƙaru. Uku ce sak yadda na zana ta, kuma bas ɗinmu ta daɗe da tafiya.

Abin da dattijuwar ta faɗa min ba zai shiga wasiƙa ba. Asibiti za ta je duba mijinta.

Har yanzu ina kan bakata cewa Dogo ya ci amanata, kuma sai ya ji a jikinsa. Amma na aika wa hukuma cewa ba zan zo ranar Litinin ba. A kan allon, shi ne da gaskiya, ni ne ban da ita. Kada ki faɗa masa. Ni zan faɗa masa da bakina.

Maigidanki