Ni Na Murza Tayar Ƙarin Ruwan Matata

Malama, don Allah ki taimake ni ki gaya min gaskiya, ko da ba za ta yi min daɗi ba. Ban yi makaranta ba, da furfurata na koyi haɗa baƙi. Kwana uku na yi a kan takardar nan, don ba magana ce da zan sa wani ya rubuta min ba.

Sana'ata lambu. Sama da shekara arba'in ina ba shuka ruwa, babu mai koya min yadda ƙishi yake. Wata biyar ke nan da rasuwar matata. Hanjinta ne ya toshe, ciki ya kumbura, aka ce sai tiyata. Na ce ban yarda ba. Babbar 'yata ta zagaya ta sa hannu a takarda, ita mai ilimi, wai Baba bai gane ba. To, na ji, ban gane ba.

Cikin kayan da aka rubuto mana har da ledar ƙarin ruwa takwas. Da kaina na ɗauko kwalin, na hau bene da shi gwiwata tana ƙara. Awa huɗu tana cikin ɗakin tiyata. Da aka fito da ita sai ga kwalina an dawo min da shi, leda biyar ko taɓa su ba a yi ba. Uku kacal, Malama! Ƙanena da aka buɗe wa ciki shekarun baya leda tara ya sha, fuskarsa ta yi suntum, ga shi nan har yau yana damun mutane da surutu. Na tare likitan da ke sa barci a baranda, wani siriri mai tabarau, na haifi wanda ya girme shi. Ya ce sun ba ta daidai abin da jikinta yake buƙata, ya duba agogo, ya wuce. Da wani mai hali ne ya yi tambayar, har kujera za a jawo masa.

Washegari da rana ina zaune kusa da gadonta. Leɓenta ya bushe har ya tsage, tana motsa baki tana kallona, an hana ta ko kurɓi ɗaya. Ruwan da aka rataya mata kuwa, in ya ɗiga sai ka gaji da jiran na biyu. Matar da ta shekara arba'in da shida tana miƙo min ruwa tun ban nema ba. Sau biyu ina kiran nas, tana cewa haka likita ya rubuta. 'Yata ta sauka karɓo magani, layi ya riƙe ta. Akwai wata 'yar taya a jikin robar da ruwan yake bi, na ga yadda suke murza ta da babban yatsa. Na murza. Ruwa ya kama gudu, raina ya yi sanyi. Da ledar ta ƙare an riga an canza ma'aikata, na kira sabuwar nas ta rataya wata. Ita ma na murza ta, sai da ta kusa ƙarewa na mayar da tayar inda take.

Kafin gari ya sake wayewa numfashinta ya rikice, ƙirji yana kurari. Aka tura ta ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Wai ruwa ya taru a huhu, zuciya ta gaza, daga baya kuma ɗinkin hanjin ya saki. Kwana huɗu ta cika.

Ranar da muka dawo gida, a gaban dangi, na ce wa 'yata ita ta kashe uwarta da sa hannunta. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Har yau tana aiko min da abinci, amma ƙafarta ba ta sake taka gidan ba. Mijinta ya ce ta rame, ta daina zuwa aiki, kullum maganarta da ba ta sa hannu ba.

Ni dai ina kan bakana: da sun sa mata takwas ɗin nan tun a ciki, me zai kai hannuna kan taya? Amma abinci ya daina wuce min. Wa ya kashe ta, ni ko su? In kuma ni ne, ta yaya ɗan shekara saba'in zai durƙusa wa 'yar da ya haifa?

Tsoho Mai Lambu

*

Baba, Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙuri. Na daɗe ina aikin jinya kafin in riƙe wannan fili, zan gaya maka abin da na sani, in tsaya inda sanina ya tsaya.

Ba a yi mata rowa ba. Leda takwas tanadi ne don ko ta kwana. A ɗakin tiyata likitan da ke sa barci ba leda yake ƙirgawa ba: yana duba jinin da ya zuba, da fitsarin da ya fito, da bugun zuciya, da awon jini, sai ya ƙara ruwa gwargwadon haka. In ya yi kaɗan ƙoda ta wahala. In ya yi yawa hanji ya kumbura, ɗinki ya ƙi kamawa, huhu ya cika, musamman ga mai shekaru. A da an fi sakin ruwa, yanzu an fi aunawa, kuma jikin ƙanenka daban, nata daban. Bushewar leɓe kuwa ba ita ce ma'auni ba, sau da yawa jiƙa shi da auduga ya isa.

Kana da gaskiya a wuri guda. Tambayarka ta cancanci a zauna a amsa maka ita, kuma ya kamata a ce sun lura cewa leda ta ƙare kafin lokacinta. Wannan gazawarsu ce.

Amma murza tayar kuskure ne, kuma mai haɗari, duk da tausayi ne ya sa ka. Ko shi ya jawo ajalinta, ban sani ba, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci daga nesa ƙarya yake yi. Toshewar hanji ita kaɗai tana kisa, ɗinki yana saki ko ba a taɓa komai ba. Likitocin da ke riƙe da fayil ɗinta ne za su fi kusa da amsa, in ka gaya musu abin da ba su sani ba. Wataƙila su ma su ce ba za a iya tantancewa ba. Ka shirya wa hakan.

Abin da na tabbatar shi ne 'yarka ba ta kashe kowa ba. Sa hannunta ne ya ba uwarta damar da ta rage mata. Wata biyar tana ɗauke da kayan da ba nata ba, kai ka ɗora mata, kai kaɗai za ka iya sauke mata. Ba sai ka durƙusa ba, Baba. Kada ka aika a kira ta, ka taka ka je gidanta a makon nan, ka zauna, ka fara da cewa maganar da ka yi ba gaskiya ba ce, sannan ka faɗa mata sauran, ba tare da ka sako likita a ciki ba. Za ta iya yin fushi, ta ma ƙi kallonka. Ka jure, haƙƙinta ne. Tunda a gaban dangi ka faɗa, a gabansu za ka janye.

Ta riga ta rasa uwa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka hana ta rasa uba yana raye.