Turame Sha Ɗaya a Harabar Makaranta

Laraba da dare, Abakpa, 1966

Ni na jawo wa kaina. Na ce wa ɗalibaina wanda ya fi kawo kayan gwanjon gyaran rufin makaranta zai samu biro. Na manta kowa ɗaure kaya yake zai koma Arewa. Iyaye suka jibgo mini duk abin da jirgin ƙasa ba zai ɗauka ba: turame sha ɗaya, gadaje, har da akuyar da ta cinye takardar sanarwata. Mai saye kuwa ko ɗaya!

Sai da la'asar maƙwabciyarmu Mama Ngozi ta sayi turmin Hajiya Lami, mahaifiyar wani ɗalibina, ko tayi babu.

Na ce, "Ba kina da turmi ba?"

Ta ce, "Malam, ajiye mata zan yi. Ai za ku dawo."

Tikitin jirgina na cikin aljihu.